Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman ƙididdiga: ku ba C. R. Rao minti goma a ajinku

Zuwa ga malaman lissafi da ilimin ƙididdiga na jami'o'i da manyan makarantu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku.

Malamaina, ni ɗalibinku ne na dā. Na zauna a gabanku shekara huɗu, na fita, na ci abinci da abin da kuka koya mini har furfura ta fito mini, don haka ba da raini na ɗauki alƙalami ba. Roƙo na zo da shi, kuma ba mai nauyi ba ne: minti goma nake nema daga cikin darasi guda ɗaya. Amma ku yi haƙuri in fara da abin da ya kawo roƙon.

Har yanzu ina ajiye da littafin da na yi rubutu a ciki a shekarata ta uku. Bangonsa ya yage, takardun sun yi jajaja saboda daɗewa. A wani shafi akwai kan magana da na ja wa layi biyu da jan biro: iyakar Cramér–Rao. Ƙarƙashinsa shafi uku ne cike da alamomi, na kwafe su da kyau ba tare da na tsallake ko ɗigo ba. Malamin da ya koya mana, Allah ya saka masa da alheri, ya san aikinsa ƙwarai. Ya cika allo, ya goge, ya sake cikawa, alli ya yi masa fari har gwiwar hannu, bai bar mu ba sai da kowa ya iya fitar da hujjar da kansa. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, shi ne su wane ne masu sunan nan. Na fita daga ajin ina ɗauka mutum guda ne, Bature, sunansa Cramér sunan mahaifinsa Rao, wanda ya daɗe da barin duniya. Daga baya na gane mutum biyu ne. Amma sai a watan Afrilun 2023, ina zaune ina duba labarai a waya, na ga hoton wani dattijo ɗan Indiya, an ce an ba shi babbar lambar yabon ƙididdiga ta duniya yana da shekara 102. Na ajiye wayar, na tashi na ɗauko littafin nan na buɗe shafin. Ashe ranar da nake kwafar sunansa daga allo mutumin yana raye, yana koyarwa a wani aji kamar namu, kuma da sauran gomman shekaru a gabansa. Wata huɗu bayan nan, ranar 22 ga Agusta 2023, ya rasu a birnin Buffalo na Amurka, saura ƙasa da mako uku ya cika shekara 103.

Na ji zafin wannan abu, kuma zafin bai tafi ba. Na yi rayuwar aikina gaba ɗaya ina jingine da tunanin mutumin da ban san komai game da shi ba. Ba na so ɗaliban da ke gabanku yau su fita da irin wannan giɓi.

Sunansa Calyampudi Radhakrishna Rao. An haife shi ranar 10 ga Satumba 1920 a wani ƙaramin gari mai suna Hadagali a kudancin Indiya, cikin yankin da yau yake jihar Karnataka, lokacin ƙasar na ƙarƙashin mulkin Ingila. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa sufeton 'yan sanda ne, aikin ya yi ta yawo da iyalin daga gari zuwa gari, sai da ya yi ritaya suka sami zama wuri ɗaya a Visakhapatnam, a bakin teku. Lokacin da Rao ya doshi shekara 70, duniya ta gama saninsa, ya rubuta wani littafi ya sadaukar da shi ga mahaifiyarsa, kuma ya faɗi dalili. Ita ce take tashinsa kullum da ƙarfe huɗu na asuba, ta kunna masa fitilar mai, ya yi karatu kafin gari ya waye, lokacin da babu hayaniya kuma ƙwaƙwalwa na da sanyi.

Ku tsaya a kan wannan kaɗan, malamaina. Uwa mai 'ya'ya goma, idan za ta tashi ɗaya daga cikinsu da ƙarfe huɗu, to ita ta riga shi tashi. Ta lallaɓa cikin duhu, ta duba ko da mai a fitilar, ta gyara lagwani, ta kunna, sannan ta taɓa yaron a hankali don kada sauran su farka. Ba rana ɗaya ba, ba wata ɗaya ba. Babu wata ka'ida a littattafanku da ke ɗauke da sunanta. Amma ɗanta, bayan ya sha yabo daga shugabanni, da ya waiwaya yana neman inda abin ya faro, kan fitilar nan idonsa ya tsaya. A duk ajin da kuke shiga akwai yaran da wani ke tashi dominsu tun kafin asuba. Idan suka ji wannan labari za su gane kansu a ciki, kuma za su kalli alamomin da ke allo da wani ido daban.

Ya gama digiri na biyu a lissafi a Jami'ar Andhra a 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, aiki ya yi wuya, sai ya nufi Kalkata neman gurbi a sashen safiyo na soja. Bai samu ba. Wani hani ga Allah baiwa ne: a masaukin da ya sauka ya haɗu da wani saurayi da ya zo samun horo a Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya, wadda P. C. Mahalanobis ya kafa a 1931. Saurayin ya kai shi ya ga wurin. A farkon 1941 Rao ya shiga cibiyar a matsayin mai koyo, a 1943 ya sami digiri na biyu a ƙididdiga daga Jami'ar Kalkata. Kada a manta wace irin Kalkata ce wannan. Jiragen Japan sun jefa mata bama-bamai, kuma a 1943 ɗin ne yunwar Bengal ta ci rayukan miliyoyin mutane, talakawan karkara suka kwararo cikin birnin suna mutuwa a kan tituna. A cikin wannan hali ne, a ƙasar da ba ta mallaki kanta ba, saurayin ya yi aikin da kuke koyarwa yau.

Yadda abin ya faru ma darasi ne gare ku musamman, domin a aji ya faru. Rao yana koyar da wani sakamako na babban masanin ƙididdiga ɗan Ingila R. A. Fisher wanda yake aiki idan samfurin da aka ɗiba yana da yawa sosai. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya: to idan samfurin kaɗan ne fa? Malamin bai tsawata masa ba, bai ce wannan ba ya cikin manhaja ba. Ya tafi gida da tambayar, ya kwana a kanta, washegari ya dawo da amsa. Amsar nan ita ce ta fito a 1945 cikin wata gajeriyar takarda a mujallar ƙungiyar masana lissafi ta Kalkata, marubucin bai wuce shekara 25 ba.

Ku kun san abin da ke cikinta, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa sauran masu karatu bayani da harshen kowa. A ce masana'anta ta ƙera ƙwan lantarki 100,000, ana so a san awa nawa kowanne ke yi kafin ya mutu. Ba za a ƙone su duka ba, sai a ɗebi 100 a gwada, a yi kiyasi. In an sake ɗibar wasu 100 ɗin, amsar za ta ɗan bambanta. Wannan tangal-tangal ɗin shi ne kuskuren kiyasi. Rao ya nuna cewa duk dabarar da mutum zai bi, matuƙar dabarar ba ta karkata gefe guda ba, akwai wani mataki da tangal-tangal ɗin ba zai taɓa sauka ƙasa da shi ba, kuma yawan bayanin da ke ƙunshe cikin samfurin shi ke yanke wannan mataki. Komai wayonka ba za ka matso daga samfur abin da babu a cikinsa ba. In kana so kuskuren ya ragu da rabi, sai ka ninka samfurin sau huɗu, ka gwada 400 maimakon 100. Injiniyoyin da ke ƙera na'urar hango jirage da masu aikin gano wuri ta tauraron ɗan'adam da wannan ma'auni suke duba ko na'urarsu ta kai iyakar abin da zai yiwu ko da saura. Harald Cramér, masanin ƙasar Suwidin, ya kai ga sakamakon nan shi ma da kansa, ya buga a 1946, shi ya sa aka haɗa sunayensu.

A takardar dai akwai abu na biyu: hanyar da za a ɗauki kiyasi mai ɗanyen aiki a tace shi ya zama mafi inganci, ba tare da ya taɓa zama mafi muni ba. Wannan ita ce ka'idar Rao–Blackwell. Kuma ga wani sunan da muka kwafa ba mu san mai shi ba. David Blackwell baƙar fata ne ɗan Amurka, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, an haife shi a 1919. Ya sami digirin digirgir yana da shekara 22, launin fatarsa ya hana shi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1940, ya tafi ya koyar shekara goma a Jami'ar Howard, sannan Berkeley ɗin ta dawo ta ɗauke shi a 1954. A 1965 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Ya haifi 'ya'ya takwas, ya rasu a 2010 yana da shekara 91. Shi ma da kansa ya gano ka'idar, ya buga a 1947. To ku duba abin da ke kan allonku: mutumin Suwidin, da ɗan Indiya da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, da baƙar fatar Amurka a zamanin wariya. Mu kuwa da ke kan benci duk mun ɗauka ilimin nan kayan wasu mutane ne can, mu namu kwafa.

Abu na uku a takardar ya fi sauran zurfi, shi ya sa ya daɗe kafin a gane darajarsa. Rao ya ɗauki hanyoyin da sa'a ke rarrabuwa ya ɗauke su tamkar wurare a kan wani shimfiɗaɗɗen fili mai lanƙwasa, ya nuna yadda za a auna tazarar da ke tsakaninsu. Sai bayan gomman shekaru masana irin su Shun'ichi Amari na Japan suka gina fanni guda a kan wannan tunani, kuma yau masu horar da kwamfuta ta koyi abu da kanta suna amfani da shi.

A 1946 gidan adana kayan tarihi na Jami'ar Cambridge ya nemi Mahalanobis ya aiko da wanda zai yi nazarin ma'aunin wasu ƙasusuwa. Ƙasusuwan daga Sudan aka kwaso su, daga Jebel Moya, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda attajirin magunguna Henry Wellcome ya sa aka tone kaburbura kusan 3,000 tsakanin 1910 da 1914. Ba zan ɓoye muku ba, raina ba ya kwanciya da wannan tonon, mutane ne da danginsu suka binne su da hannunsu, aka zuba su a akwatuna aka haye teku da su. Rao ba shi ya tone su ba, amma shi aka tura ya auna, kuma wannan ma yana cikin tarihin iliminmu, bai kamata a share shi ba. Shekara biyu ya yi a can. Ya nemi Fisher ya duba masa aikin digirin digirgir, Fisher ya yarda da sharaɗin zai riƙa aiki a ɗakin binciken gadon halitta inda ake kiwon ɓeraye. Haka ya raba lokacinsa tsakanin ƙasusuwa da ɓeraye, ya sami digirin a 1948, kuma a shekarar ya buga hanyar gwajin hasashe da har yau ake koyarwa da sunansa, wadda masana tattalin arziki suka runguma daga baya.

Ga inda nake so ku lura. Mutum ne mai shekara 27, da digirin Cambridge a hannu, da sunan Fisher a bayansa. Ya tattara kayansa ya koma gida, Indiya tana da shekara ɗaya da samun 'yanci. A watan Satumban 1948 ya auri Bhargavi. Ya zauna a Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya kimanin shekara talatin bayan dawowarsa, yana koyarwa, yana tsara manhaja, yana horar da ma'aikatan ƙididdiga na gwamnati, har da waɗanda ake turowa daga wasu ƙasashen Asiya da Afirka zuwa cibiyar horo ta ƙasa da ƙasa da aka buɗe a Kalkata a 1950. Bayan rasuwar Mahalanobis a 1972 shi ya karɓi shugabancin cibiyar. Ɗalibai fiye da 50 suka yi digirin digirgir a hannunsa a tsawon rayuwarsa. Ɗaya daga cikinsu, S. R. S. Varadhan, ya ci lambar Abel a 2007, wadda tana cikin mafi girman lambobin lissafi a duniya. Wani tsarin jera gwaje-gwaje da Rao ya ƙirƙira a shekarun 1940 kuwa, Genichi Taguchi ya ɗauke shi ya kai masana'antun Japan. Amfaninsa a fili yake: idan abubuwa bakwai ne ke shafar ingancin kaya, kowanne da hali biyu, gwada dukkan haɗe-haɗensu zai ci gwaji 128, amma da tsarin Rao gwaji 8 ya isa a gane tasirin kowanne.

Sai ƙaura. A 1979, yana dab da cika shekara 60, shekarun da ake sallamar ma'aikaci ya je ya huta, ya tashi ya koma Amurka ya kama aiki a Jami'ar Pittsburgh. A 1988 ya koma Jami'ar Jihar Pennsylvania, ya ci gaba da koyarwa da bincike har ya kai shekara 80. Ko bayan nan bai ajiye alƙalami ba. Ku lissafa: shekara 44 ya yi a ƙasar da ya shiga da furfura a kansa. A 2002 Shugaba George W. Bush ya rataya masa lambar kimiyya ta ƙasa, mafi girma da Amurka ke bai wa masananta. Shekara guda kafin nan Indiya ta ba shi Padma Vibhushan, lamba ta biyu a girma cikin waɗanda take bai wa farar hula. A birnin Hyderabad na Indiya akwai cibiyar bincike da ke ɗauke da sunansa, akwai kuma titi.

Mutanenmu na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na daɗe ina auna wannan magana da rayuwar mutumin nan, kuma ban ga ta hau kansa ba. Ba kuma na so a mai da shi tutar masu cewa duk mai basira ya gudu. Ɗalibanku za su tambaye ku, a fili ko a zuci, ko su tafi ko su zauna, kuma yawancin abin da suke ji iri biyu ne: masu zagin wanda ya tafi, da masu yi wa wanda ya zauna kallon wanda ya rasa hanya. Rao ya ba ƙasarsa ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, kusan shekara arba'in, ya bar mata cibiya da malamai da ɗaliban ɗalibai. Da doka ta ce lokacinsa ya cika, shi kuwa ya san bai cika ba, sai ya nemi inda za a bar shi ya ci gaba da aiki. A ganina hasarar Indiya a nan ba tafiyarsa ba ce, hasarar ita ce tsarin da ke ɗaukar masani mai shekara 60 a matsayin wanda ya gama. Amurka ta ci ribar shekara ashirin da wani abu na koyarwarsa saboda ta buɗe wa dattijo baƙo ƙofa. Hukumomin jami'o'i a ko'ina suna da abin dubawa a nan, kuma ku da kuke zama a majalisunsu kun fi ni sanin dattawa nawa aka sallama suna da sauran abin bayarwa.

Ƙaura da tsufa ba abu ne mai sauƙi ba, ko ga wanda aka tarba da girmamawa. Mutum ya bar abokan da ya yi shekara arba'in yana gaisawa da su, ya bar harshen da ake masa magana da shi a titi, ya koma garin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa. Kuma ba shi kaɗai ya yi wannan ba. Matarsa mace ce mai ilimin kanta, ta yi karatu mai zurfi ta kuma koyar, ita ma ta bar abin da ta sani ta bi shi. Shekara 69 suka yi tare, daga 1948 har ta rasu a 2017. Sun haifi 'ya mace da ɗa namiji. A Jami'ar Jihar Pennsylvania akwai lambar yabo ta ƙididdiga da suka kafa, ana bayar da ita tun 2003, kuma sunayensu biyu ne a kanta, nasa da nata. Wannan ya burge ni fiye da yawancin lambobin da aka ba shi. Mutumin da sunansa ke manne da na Cramér da na Blackwell a kowane littafin fannin, da ya sami damar zaɓar sunan da za a haɗa da nasa, na matarsa ya zaɓa. Bayan rasuwarta ya yi shekara shida, a Buffalo, kusa da 'yarsa.

Na san wani zai ce me ya haɗa aji da zancen aure da 'ya'ya. Abin da ya haɗa su shi ne hoton da matasa ke ɗauke da shi na babban masani: mutum shi kaɗai a ɗaki, ba ya gaisuwa, ba ya zuwa suna ko jana'iza, ya sayar da iyali ya sayi suna. Na ga hazikan yara, musamman 'yan mata, da suka ja baya daga bincike saboda an sa musu a rai cewa sai dai su zaɓi ɗaya. Ga Rao da aure na shekara 69. Ga Blackwell da 'ya'ya takwas. Ba ina cewa babu wahala a ciki ba, kuma na tabbata matan gidajen nan sun ɗauki nauyin da ba a rubuta a ko'ina ba, wanda shi ma ya kamata a faɗa wa ɗalibai da gaskiya. Amma su san an yi, kuma waɗanda suka yi ɗin su ne masu sunayen da ke allo.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da lambar 2023. Manyan ƙungiyoyin ƙididdiga biyar ne suka haɗu suke bayar da ita duk bayan shekara biyu, da kuɗi dala 80,000, kuma ita ce masu fannin ke ɗauka a matsayin tasu Nobel. David Cox ya fara karɓa, sai Bradley Efron, sai Nan Laird, sannan Rao. Aikin da aka ambata wajen ba shi ita, takardar 1945 ce. Shekara 78 ke nan tsakanin aikin da yabon. Gaskiya ne lambar sabuwa ce, kuma ba a bar shi haka nan ba a tsawon shekarun, tun 1967 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila. Duk da haka, an yi bikin ba da lambar a birnin Ottawa na Kanada a watan Yuli, a watan Agusta ya rasu. Da ajalinsa ya zo a shekara 95 ko 100, da ba a kai gare shi ba. Yabon gwani ya zama dole, amma ya fi kyau a yi shi gwanin na iya ji. A sassanku akwai tsofaffin malamai da suka yi ritaya, waɗanda suka koyar da ku kamar yadda kuka koyar da mu. Ku gayyato su su zauna a gaban ɗalibai tun suna iya hawa matakala.

Na san uzurinku, kuma uzuri ne na gaske. Zangon karatu gajere ne, manhaja ta yi yawa, aji ya cika, ga jarrabawa na tafe. Ba na neman a ƙirƙiri sabon kwas, ba na neman a kafa kwamiti. Ranar da kuka iso kan iyakar Cramér–Rao, kafin ku fara fitar da hujja, ku ajiye alli na minti goma. Ku faɗa musu cewa tambayar ɗalibi ce ta haifi wannan sakamako, don mai jin kunyar ɗaga hannu a bayan aji ya ji. Ku faɗa musu shekarun marubucin, domin da yawansu sa'anninsa ne a lokacin. Ku ambaci Kalkata ta 1943, da aikin sojan da bai samu ba, da jirgin da ya hau ya koma gida a 1948, da wanda ya hau ya bar gida a 1979. Ku ambaci matar da ta zauna da shi shekara 69. In lokaci ya ƙure har ba za ku iya faɗin komai ba sai abu ɗaya, to ku faɗi na fitilar.

Jiya na sake buɗe tsohon littafina. A gefen kan maganar nan mai jan layi biyu akwai ɗan fili da na bari tun wancan lokaci. Na ɗauki biro na rubuta a wurin: Calyampudi Radhakrishna Rao, Hadagali 1920, Buffalo 2023. Ina roƙonku ku rubuta haka a saman allo, ku bar shi a wurin har a tashi daga darasin.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin koyarwa.

Naku,
Wani tsohon ɗalibinku